Tsakanin Lungu Da Titi: Da Wane Ma'auni Za A Auna Tsohon Birni?

Da daminar bara waccan ne gwaggona ta aiko a kira ni da sassafe, wai in zo in karanta mata abin da aka rubuta a bangon zaurenta. Gidan yana can cikin ƙwaryar birnin Kano, a wani lungu da na sha ratsawa ina yaro da allo a hammata. Da na isa sai na tarar ba wani dogon rubutu ba ne. Jan fenti ne aka gitta layi biyu da shi, sai kibiya, sai lamba. Kibiyar tana nuna cikin gida, lambar kuma ta ce mita 6. Na tsaya na auna da taku, na ga zaure ya tafi, shigifa ta tafi, rabin ɗakin da aka haifi mahaifina a ciki shi ma ya tafi. Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, kai da ka yi karatu, me suka ce?” Na rasa ta inda zan fara, domin abin da suka ce a taƙaice shi ne gidanta ya shiga hanya, alhali ita iyakar saninta hanya ce take shirin shigowa gidanta.

Bayan kwana biyu na samu ganin ɗaya daga cikin jami'an da suka yi awon. Matashi ne mai ladabi, kuma daga ganinsa ba ya jin daɗin aikin. Ya ce da ni, “Malam, wallahi ba mu da yadda za mu yi. Hanya irin wannan mita 18 ce a ƙa'ida, haka littafi ya ce.” Na tambaye shi wane littafi ne, wa ya rubuta shi, kuma da wane gari a ransa ya rubuta. Ya yi murmushi ya ce shi dai haka ya tarar. Ban ga laifinsa ba. Ni ma a ajina akwai ƙa'idojin nahawu da na daɗe ina koyarwa kafin in tsaya in tambayi kaina ko don Hausa aka yi su, ko kuwa daga nahawun wani harshe aka kwaso su aka yafa mata.

Ni ba injiniya ba ne, ilimin harshe na karanta, saboda haka ina neman afuwar ma'abota wannan fanni idan na yi musu shisshigi. To amma abin da nake so in faɗa bai buƙaci lissafi mai zurfi ba. Ma'aunin faɗin titi da muke aiki da shi an yi shi ne domin fili fetal da ba a gina komai a kai ba, kuma domin motar da ke gudu. Ɗaukar wannan ma'auni a ɗora shi a kan birnin da ya shekara ɗaruruwa a zaune kuskure ne, kuma muna ta maimaita shi daga Kano zuwa Zariya, daga Katsina zuwa Sakkwato. Tsohon birni yana buƙatar nasa ma'aunin, rubutacce, wanda doka ta san da shi.

Bari in fara daga inda na fi sani. Bahaushe ba shi da kalma ɗaya tak ta hanya. Akwai turba, wadda sawu ya fitar. Akwai burtali, wanda ke ratsa tsakanin gonaki da shinge hagu da dama domin dabbobi su wuce ba su yi ɓarna ba. Akwai gwadabe, hanyar ayari da mahaya, mai faɗi. A cikin gari kuwa akwai rariya, akwai kwararo, akwai lungu, kuma a lungun ma akwai mai ɓullewa akwai wanda ba ya ɓullewa. Duk wanda ya tashi a birni ya san cewa waɗannan kalmomi ba ado ba ne. Kowace tana gaya maka wa ke da ikon bi, da wace irin tafiya, da kuma irin sallamar da za ka yi. Baƙo yana iya bin gwadabe ba wanda ya ce masa ci kanka, amma idan ya kutsa lungun da ba ya ɓullewa, kafin ya yi taku goma wani dattijo a kan dakali zai tambaye shi gidan wa yake nema. Al'ummar da ta ware wa abu sunaye har haka, ta san matakansa ke nan. Faɗin hanya a wurin kakanninmu yana raguwa ne gwargwadon yadda kake matsowa kusa da iyalin mutane.

Sai kuma ga kalmomin da suka zo daga baya. Titi baƙuwar kalma ce, daga Turanci ta taso, ta biyo ta bakin Yarabawa kafin ta iso mu. Layi ma aro ne, haka kwalta, haka kwalbati. Aro ba aibi ba ne, duk harshe mai rai yana yi. Abin da ya dame ni shi ne yadda titi ya haɗiye sauran. A takardun hukuma yau babu lungu babu kwararo, sai titi babba da titi ƙarami, kuma duk abin da bai kai faɗin ƙaramin ba sunansa matsala. Ma'aunin kuwa daga babbar hanya ya gangaro. A ƙa'idar manyan hanyoyin Tarayya, hannu ɗaya na mota mita 3.65 ne, hannu biyu mita 7.3, sannan a ƙara kafaɗa ta mita 2.75 a kowane gefe. Wannan daidai ne ga tirelar da ta taso daga Legas za ta Maiduguri. Idan aka shigo gari sai a ƙara lambatu, a ƙara wurin masu tafiya a ƙasa, in tagwayen hanya ne a ƙara tsibirin tsakiya, kafin ka ankara an haura mita 20. A cikin birni, mita 20 gidaje biyu ne da masallacin unguwa.

Yadda aka yi muka wayi gari da ma'auni ɗaya yana da tarihi. Dokar garuruwa ta 1917 da Turawa suka kafa ta tsara unguwanninsu da Sabon Gari, har ta tanadi fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin mazaunin Bature da na 'yan ƙasa. Birni kuwa aka bar shi a hannun En'e. Dokar tsara birane ta 1946 kwaikwayon ta Ingila ce ta 1932. Ko babban tsarin nan na Trevallion na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, da dokar tsara birane ta 1992, duk sun tarar da ƙwararrun da aka horar a kan shimfiɗa sababbin unguwanni masu layi-layi. Saboda haka duk lokacin da mai tsara gari ya shigo ta ƙofar birni, da ma'aunin Nassarawa da Bompai yake shigowa a aljihunsa, domin shi kaɗai aka ba shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cikin masu zama a gidan sama a bayan gari suna yi wa lungu waƙa. Na san abin da ƙuncin hanya ke jawowa. A wannan lungu na gwaggo, wani dare cikin hunturu, naƙuda ta zo wa matar ɗan'uwana da gardama. Motar da muka samo ta tsaya a bakin titi, tazarar da ta fi mita ɗari biyu. A kan katifa muka ɗauko ta mu huɗu, wani yaro yana haska mana da fitilar waya, muna tsallake kwata. Allah Ya kiyaye, ta sauka lafiya, amma har yau idan na tuna kwanar da muka sha da ƙyar sai gabana ya faɗi. Kowa kuma ya san abin da ke faruwa idan gobara ta tashi a irin waɗannan wurare: 'yan kwana-kwana su iso, su tsaya daga nesa suna kallon hayaƙi, tiyo bai kai ba, matasa suna ta fama da bokiti. Wanda ya ce a bar birni yadda yake kada a taɓa ko tubali ɗaya, bai taɓa ɗaukar mara lafiya a kafaɗa ba. Tambayar ita ce nawa ake buƙata, kuma domin me ya wuce. Makara da mutum huɗu ko shida a gefenta, da motar ɗaukar marasa lafiya, da motar kashe gobara, da kurar mai ruwa, babu ɗaya daga cikinsu da ke neman mita 18.

Abin mamaki, amsar farko tana cikin littattafan da ke jibge a zaurukan malamanmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, ta hanyar Abu Huraira, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci da zira'i bakwai idan mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya. Zira'i shi ne kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, kuma kamu bakwai yana kamawa tsakanin mita 3.2 da 3.5. Malamai sun yi bayani cewa wannan hukunci bai ba kowa damar ya ci hanyar da ta riga ta fi haka faɗi ba. Masanin gine-gine Besim Hakim, wanda ya yi nazarin tsohon birnin Tunis a littafinsa na 1986, ya nuna cewa wannan faɗi shi ne wanda raƙuma biyu masu cikakken kaya za su gitta juna a cikinsa, kuma lungun da ba ya ɓullewa an saba ba shi kamu huɗu. Tun a ƙarni na 14 wani magini na Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya a kan gini da hanya da kwata da taga a littafi guda. Kuma ba a can kaɗai abin ya tsaya ba. Shi Hakim ɗin tare da Zubair Ahmed sun wallafa nazari a 2006 a kan irin waɗannan ƙa'idoji a rubuce-rubucen malaman Daular Usmaniyya ta Sakkwato na ƙarni na 19. Ashe muna da fiƙihun hanya sukutum, mai matakai, wanda ya bambanta hanyar jama'a da ta maƙwabta, amma ban taɓa jin an ambace shi a wurin taron bayar da kwangilar titi ba.

Wani zai ce zamanin raƙumi ya wuce. Gaskiya ne, to amma mu dubi abin da masu motar da kansu suka koma yi. A Ingila, ƙasar da muka kwaso yawancin ƙa'idojinmu daga gare ta, gwamnati ta fitar da sabon jagoran tsara titunan unguwa a 2007, wanda ya raba titin da mutane ke zaune a bakinsa da hanyar da mota ke wucewa kawai. A ƙa'idarsu, motar kashe gobara tana buƙatar mita 3.7 domin ta tsaya ta yi aiki. Jagoran ya ƙara da cewa ana iya rage hanyar isowa zuwa mita 2.75 a ɗan gajeren zango, muddin motar za ta iya matsowa mita 45 daga ƙofar gida, sauran tazarar tiyo ya cike. A lura da kusancin da ke tsakanin mita 3.7 da kamu bakwai. A lura kuma da hikimar mita 45 ɗin: ba dole ne kowane lungu ya ɗauki mota ba, abin da ake so shi ne kada wani gida ya yi wa mota nisa. Wannan kaɗai ya isa ya sauya taswirar rusau, domin a maimakon a tsaga unguwa biyu, sai a nemi 'yan wurare kaɗan da za a buɗe.

Misalin da ya fi burge ni na Japan ne, domin su ma suna da tsofaffin unguwanni masu ƙunci, ga gidajen katako, ga girgizar ƙasa, ga gobara. Dokarsu ta gine-gine ta 1950 ta ce hanya mita 4 ce. Amma ba su aika katafila ta bi lungunan da ba su kai haka ba. Sashe na 42 na dokar ya ce tsohuwar hanya tana nan a matsayinta, sai dai duk ranar da mai gida ya tashi rushe gidansa ya sake gini, dole ya ja da baya har bangonsa ya zama mita 2 daga tsakiyar hanya. Idan na ɗaya gefen ma ya tashi nasa ginin ya yi haka, mita 4 ta cika ba tare da an kori kowa ba. Abin yana ɗaukar shekaru masu yawa, kuma su ma suna kukan jinkirinsa. Sai dai ko wannan sassauci an ga yana ɓata wasu wurare, domin jerin tsofaffin gidaje yana zama kamar haƙoran da suka yi giɓi, wannan ya shige wancan ya fito. Saboda haka dokar ta sake buɗe wata ƙofa, ta ba hukumar gari ikon ayyana wasu hanyoyi a kan faɗin da bai gaza mita 2.7 ba. Birnin Kyoto ya yi amfani da wannan dama a unguwar Gion, ya haɗa da sharuɗɗan kariya daga gobara. Ka ga a nan ma'auni ne ya rusuna wa gari, kuma a rubuce, ba da alfarmar wani babba ba.

Mu kuwa fa? Mu dubi ƙofofinmu. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa. A 2007 Nijeriya ta shigar da ita cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Shekara uku kacal bayan haka, a 2010, aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Maƙwabtanmu na Agadas, da birninsu na ƙasa da lungunansa, sun samu shiga wancan jeri na dindindin a 2013. Alhali muna da misali mai kyau a gida. Lokacin da zirga-zirga ta ƙaru a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a 1937, sabuwar mashiga aka huda a jikin ganuwa, ita ce har yau ake kira Sabuwar Ƙofa, aka bar Ɗan'agundi da Na'isa a tsaye. Tsohuwar ƙofa ba ta hana mota wucewa idan aka kewaya da titin ta gefenta, aka bar wa masu ƙafa da masu keke cikinta. Ƙofar siminti mai hannu huɗu kuwa suna kawai ta gada. Ba na musun amfanin gadojin sama da aka yi a bakin ganuwa, irin ta Ƙofar Nassarawa. Amma a tuna duk motar da aka sauƙaƙa wa isowa bakin ƙofa, cikin birni za ta nufa, kuma gobe ita ce za ta zama hujjar faɗaɗa na ciki.

Sai batun diyya, wanda a nan ne talaka ke shan kashi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi wuri domin amfanin jama'a, abin da ake biya shi ne kuɗin sake gina abin da ke kan filin, bayan an cire abin da tsufa ya rage masa. A auna wannan da gidan ƙasa mai azara da ya shekara ɗari da hamsin. A idon mai ƙiyasi, tubali ne da itace da suka tsufa. Matsayin gidan, wato kusancinsa da Kasuwar Kurmi inda mai gidan ke da rumfa, da makarantar allon da ke zaurensa, da maƙwabtan da ke riƙe da marayun gidan, duk ba su da layi a takardar ƙiyasi. Sannan gidan gado ne, magada sun kai talatin. Idan aka raba abin da aka bayar, kowa ya tashi da abin da ba zai sayi ko kwatar fili a bayan gari ba. Daga nan zumunci ya watse, wannan ya kama haya a Kurna, wancan a Ɗorayi, tsohuwa ta koma ɗakin baƙi a gidan suruki. A matsayina na mai nazarin harshe, akwai wata asarar da nake ji a jikina. Sunayen unguwannin birni kundin tarihi ne. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo asali, Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi suna gaya maka su wa suka zo suka zauna. Idan titi ya ratsa unguwa aka laƙaba masa sunan wani mai mulki, cikin shekara ashirin yara ba su san sunan farko ba.

Ƙauyukanmu ma ba su tsira ba, sai dai nasu ciwon daban ne. Hanya ta taso daga daji da faɗinta da kafaɗunta, ta shiga tsakiyar gari ba ta rage ko taƙi ɗaya ba, ta raba masallaci da kasuwa, ta raba makaranta da gidajen yara. Direba kuwa da ido yake tuƙi, faɗin da ya gani shi ke gaya masa gudun da zai yi, allon gargaɗi bai dame shi ba. Sanarwar Stockholm ta 2020 a kan kiyaye haɗurra ta nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin sa'a a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Mutanen ƙauye ba su karanta ta ba, amma bayan sun binne yaro na biyu ko na uku sukan fito da kansu su jera tudun ƙasa da kututture a kan kwalta. Mu masu motoci mu yi ta tsaki muna cewa rashin wayewa ne. Da an tsuke hanyar tun daga shigowa gari, ko an kewaya da ita ta baya, da ba a kai ga haka ba.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lungunan da muke kuka a kansu, da yawa ba haka kakanninmu suka bar su ba. Mu ne muka cinye su. Wannan ya fito da dakalin siminti, wancan ya haƙa ramin masai a waje ya rufe da sulab, wani ya fasa bango ya yi shago ya kafa rumfa, wani ya sake gini da bulo ya ɗan matso da taƙi biyu cikin dare, mai unguwa yana gani ya kau da kai domin ɗan aminin mahaifinsa ne. Kwanar nan da muka sha da ƙyar da mara lafiya, na tuna sarai ina yaro jaki da mangala biyu yana juyawa a cikinta. Abin da ya tsuke ta matakalar bene ce da wani ɗan'uwanmu ya fito da ita. Fiƙihun da na ambata ɗazu, wanda ya hana hukuma zalunci, shi ne kuma ya hana maƙwabci cin hanyar jama'a ko da kamu ɗaya ne. Ba za mu riƙe rabinsa mu saki rabi ba.

Abin da nake roƙon majalisun dokokin jihohinmu da hukumomin tsara birane shi ne su ware cikin ganuwa a matsayin yanki mai ƙa'idarsa. A fara da awo, domin a san abin da ake da shi: safiyo da mai unguwa da dattawan wuri su bi lungu-lungu su rubuta faɗinsa na yau da iyakarsa ta asali, a ajiye kwafi a fadar hakimi. Daga nan a mayar wa hanyoyin da matakansu. 'Yan manyan hanyoyin da suka haɗa ƙofa da kasuwa da fada su ne za su ɗauki mota hannu biyu, kuma yawancinsu sun riga sun samu. Na tsakiya a nemar musu mita 4, ta hanyar ja da baya a lokacin sabon gini, tare da biyan mai gida abin da ya bari nan take, da kuɗin da ya yi daidai da darajar wurin. Sauran a bar su a kan kamu bakwai ko ƙasa da haka, a share abin da aka cusa musu, a shimfiɗa musu dutse, a rufe kwata. Kuɗin diyyar titi ɗaya zai sayi ƙananan motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya masu yawa. Babur mai ƙafa uku da muke kira A Daidaita Sahu faɗinsa bai wuce mita 1.3 ba, kuma tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 shi ne ke shiga inda mota ba ta shiga. Wanda ya iya ɗora masa fasinja zai iya ɗora masa gadon mara lafiya ko tankin ruwa da injin feshi. Masarautu kuma su sa baki tun ana zana taswira, kada a jira sai katafila ta iso ƙofar gida sannan a tafi fada da kuka. Ku kuma 'yan'uwana injiniyoyi da masu tsara birane da ke karanta wannan shafi, da yawanku a irin waɗannan lunguna aka yanke muku cibiya, kuma ku ne kuke da ikon rubuta littafin da wancan matashi zai buɗe gobe.

Aikin da aka shafa wa gidan gwaggo fenti dominsa har yau ba a fara ba, ba a kuma ce an fasa ba. Damina biyu ke nan ba ta yi wa bangon zauren yaɓe ba, haka maƙwabtanta, domin ba wanda zai zuba kuɗi a bangon da aka ce za a rushe. Jan fentin ya koɗe, amma bangon ya fara tsagewa daga sama, ruwa yana shiga ta kan azara. Makon jiya da na je gaishe ta, ta ce magini ya zo ya duba, ya ce in ba a gyara kafin ruwa ya sauka ba, ba ya jin soron zai kai kaka. Ta ce, “To ɗan nan, in gyara ko in bari?” Na ce ta gyara, ni zan biya.